Kawu Bawa Mai Awon Haske

Duk wanda Kawu Bawa ya taɓa shiga gidansa a nan Gummi ya san abin da zan faɗa: mutumin nan ba ya ƙarasa gaisuwa. Zai yi sallama, ya miƙo maka hannu, ya fara "Kun wuni lahi...", sai ka ga kansa ya ɗaga sama, ya tsura wa ƙwan lantarki ido. Hannunka na cikin nasa, shi kuwa ya manta da kai sarai. Can sai ya ja numfashi ya ce, "Wanga ƙwai, luman nawa na?" In ka ce ba ka sani ba, to tashi ka ɗauko turmi ko kujera, don wallahi sai ya hau ya kwance shi ya karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Ko gidan gaisuwar mutuwa bai bari ba. Akwai ranar da sai da na riƙe masa gefen riga a zauren mutane, ana tsakiyar addu'a, ina ce masa a kunne, "Kawu, don girman Allah, ba yau ba."

Ni ne Lawali, ɗan ƙanwarsa Tumba, mai shagon kayan wuta da na sola a bakin kasuwa. Yaran yanzu da ƙwai suka san Kawu, amma manya kun san asalin sana'arsa gyaran agogo ce. Yana da ɗan shago kamar akurki, layi ɗaya da nawa, bango duk agoguna, da ɗan madubin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya, da hantsakinsa siriri. A da layi ake yi a ƙofarsa. Da wayar hannu ta zo, kowa ya koma duba lokaci a aljihu, sai ƙafa ta ɗauke. Sannan matarsa Inna Kulu ta rasu, ɗiyarsu guda ɗaya, Hajo, tana aure a wani ƙauye bayan Bukkuyum, hanya kuwa kun san yadda ta koma a shekarun nan. Sai ya rage daga shi sai agogunansa. Tuwo daga gidana ake kai masa, kullum kuma sai ya aiko da saƙon cewa gishiri ya yi yawa.

A shagona ciwon luman ya kama shi. Wata rana ya shigo ya ce in ba shi ƙwai mai wat ɗari, irin na da, mai zafin nan, don teburinsa ya yi duhu. Na ce an daina kawo su, na miƙa masa farin ƙwai na zamani. Ya maƙala madubi ya duba kwalin, ya ɗago ya dube ni kamar na zagi kakarmu.

"Wat goma sha biyu? Na ce ɗari, ka ba ni sha biyu? Ɗan Tumba, ni za ka yi ma ƙwange? Ni da nir raɗa ma suna?"

Na ce, "Kawu, zauna. Wat ba haske ba ne. Wat abin da ƙwai yake ci ne na wuta. Hasken da yake fitarwa kuma da luman ake auna shi. Ka ga wannan lambar ta ƙasa? Ita za ka duba. Tsohon ƙwai mai wat sittin wajen luman ɗari takwas yake bayarwa, na yanzu da wat tara ma sai ya ba ka haka."

Ya daɗe yana juya kwalin. Sai ya ce, "Tsaya. Wat harawa ta, luman nono na?"

Na ce, "Ka gama karatun, Kawu."

"Innalillahi! Kenan dut shekarun ga, in mun tahi sayen saniya, cinta muka tambaya ba tatsarta ba?"

Shi ke nan fa. Daga ranar nan Kawu ya tashi da wa'azi. Bai bar mai shayi ba, bai bar masu caji ba, bai bar ladan ba. In yana zaune a shagona wani ya shigo ya ce a ba shi mai wat kaza, kafin in buɗe baki Kawu ya riga ni: "Bawan Allah, ci kaz zo saye ko haske?" Na yi asarar masu saye ba kaɗan ba, don akwai wanda ƙwai ɗaya ya zo ɗauka ya tafi, ba darasi ba. Har raguna da 'yan zaman kashe wando sai da suka sami suna a bakinsa. In wani ƙato ya wuce, sai Kawu ya taɓa ni ya ce, "Ka ga wancan? Wat ɗari biyu, luman uku."

Waya kuwa, kun san gabar da ke tsakaninsu. "Makashiyar agogo" yake ce mata, ko taɓa ta ba ya yi. Sai wata rana ya zo yana ƙorafi cewa luman ɗin da aka rubuta a kwali ba ya isowa teburinsa. Na ce ai wannan wani awo ne daban. Luman duk abin da ƙwai ya zubo ne, ko ina ya nufa. Wanda ya sauka a kan wurin da kake aiki kuma lakus ake ce masa, kamar a ce ruwan da hadari ya ɗauko daban, wanda ya sauka a gonarka daban. Na ɗauko wayata na buɗe manhajar da ke auna shi, na ɗora a teburina, lamba ta fito. Na rufe ta da hula, lamba ta faɗi. Na fita da ita rana, ta haura dubbai.

Kawu ya bi ni waje baki buɗe. Ya karɓi wayar da hannu biyu kamar jariri. Ya shiga inuwa, ya fita rana, ya shiga, ya fita. Sai ya ce a hankali, "Ashe tana da amfani, la'ananniya."

Kafin mako ya zagayo ya sa na samo masa tsohuwar waya. Amma kada ku ce don kira. Hajo ta yi murna ta ce yanzu za ta riƙa jin muryar babanta, ina! In ta kira yana tsakiyar awo, sai ya yi tsaki ya ce, "Yarinyar ga tana ɓata mani lissahi," ya jira ta katse. Sai dai ta kira ni, in taka in kai masa tawa. A lokacin ne ya samo karin maganarsa da kowa ya haddace: "Ido shina da son rai, na'ura ba ta da dangi."

Wanda ya fi kowa shan wahalar wannan na'ura shi ne Nomau wanzami, abokinsa tun suna yara. Wata Alhamis da damina Kawu ya je aski. Ya zauna a rumfar Nomau, an jiƙa kai, sai ya zaro waya ya ɗora a gwiwa. Ya ce a dakata.

"Lakus ɗari da 'yan kai. Nomau, ba ka sa mani aska a cikin wanga duhu."

Nomau ya ce, "Bawa, tun kan ga naka na da gashin kirki nika aske shi. Ko ido ruhe na san inda tudu yake, na san inda kwari yake."

"Na'ura ba ta da dangi. Mu hita waje."

Haka suka kinkimo tabarma zuwa tsakiyar fili, rana na dukansu, mutane na wucewa suna kallo. Nomau na gumi yana aski yana gunaguni. An gama ɓangaren dama tas, yana sheƙi, sai ga hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, gari ya rufe. Kawu ya leƙa waya ya ɗaga hannu.

"Tsaya! Ta hwaɗi."

"Mi yaf faɗi?"

"Lakus. Mu jira rana."

Suka zauna jiran rana, ruwa ya kece. Nomau ya naɗe askarsa ya ce shi ya tafi gida, in ranar ta fito a gaishe ta. Washegari Juma'a, Nomau kuwa ya yi rantsuwa ba zai taɓa kan ba sai an ba shi haƙuri, Kawu shi ma ya ce ba ya ba da haƙuri a kan gaskiya. Da rabin kai ya je masallaci, ya danna hula har kunne. Da aka yi sujada hular ta zame. Waɗanda ke sahun bayansa, Allah ya karɓi sallarsu, don ni dai na ga kafaɗu na rawa.

Sai labarin kasuwar Bukkuyum. Na je sayar da fitilun sola ranar kasuwa, ya ce zai bi ni ko Allah ya sa ya haɗu da 'yan ƙauyen su Hajo ya ba da saƙo. Muna sauka daga bas sai ya ji wani saurayi mai tebur yana ta kwarara talla: tocila mai luman dubu casa'in! Gaban teburin cike da masu haƙar zinariya, irin baƙin nan da ke zuwa daga nesa, suna neman fitilar shiga rami. Na ga Kawu ya tsaya cak. Na ce a raina, yau mun shiga uku.

Ya kutsa ya ɗauki tocilar, 'yar ƙarama ce, ba ta fi rogo ba. Ya ce, "Yaro, ƙwan ɗaki luman ɗari takwas na. Kenan cikin wagga 'yar aba akwai ƙwai ya hi ɗari?"

Yaron ya ce, "Baba, haka aka rubuta."

"Kai ka ƙirga?"

"Ni ban ƙirga ba."

"Wa yaƙ ƙirga?"

"Yana can ƙasar Sin."

"Ba ni lambatai."

Aka fashe da dariya. Kawu bai yi ba. Ya kunna tocilar, amma da tsakar rana ba abin da ake gani. Ya duba hagu ya duba dama, babu ɗaki babu duhu. Sai kawai ya tsuguna, ya ja wuyan babbar rigarsa ya shige ciki gaba ɗaya, shi da tocila da waya. Jama'a, ku ga tsoho ya koma kamar rumbu a tsakiyar kasuwa, haske na yawo a cikin riga, murya na fitowa daga ciki tana lissafi! Mata masu nono suka aje ƙwarya suka zo kallo. Wani ɗan acaɓa ya tambaye ni ko aljanu ne, na ce a'a, kawuna ne.

Ya fito yana gumi, hula a karkace, ya ce, "Ƙarya ta. Ko kusa."

Wani daga cikin masu haƙar, dogo mai jar ƙasa har gira, ya ce, "To Baba, kada in saya ke nan?"

"Wa yac ce? Rami za ka shiga?" Ya ce e. Kawu ya ce, "To kai ba yawan haske kaka biɗa ba, mai tsini kaka biɗa, wanda ka tahiya nesa wuri guda. Wagga ta tattara ɗan abin da ag gare ta ta harba gaba kamar kibiya. Lawali, mi kac ce sunan awon nan?"

Na ce kandela, ƙarfin haske ta fuska ɗaya, asalinsa daga hasken kyandir guda aka ɗauko.

"Ka ji! Kyandir na yat tahi Turai yad dawo da sabon suna. Saya, ɗana. Tocila ta mai kyau. Maƙaryaciya ta kawai."

Mutumin ya saya, abokansa suka saya. Da muka zo tafiya na ji yaron ya sauya talla: "Tocilar da Baba ya shiga riga da ita! Mai kyau, maƙaryaciya!" Kafin la'asar teburinsa ya ƙare, ni kuwa da fitiluna masu gaskiya na dawo da rabi gida.

Innata ce ta fara cewa zaman kaɗaicin nan ne ke taɓa wan nata, a nemo masa mata. Aka samo wata bazawara a Anka, Ige, mace mai hankali, mai sana'ar ƙuli. Da ƙyar ya yarda zai je su gana, ni na raka shi. Na ce ya tafi da turare ko atamfa, ya ce ya riga ya shirya tsarabarsa. Muka isa, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, Ige ta fito ta zauna gefe ta gaishe mu. Kawu ya amsa rabi, ya ɗaga kai. Na rufe ido.

Ya auna zauren, ya girgiza kai. Ya zaro tsarabar daga aljihu, ƙwai ne a kwalinsa. Ya sa aka kawo turmi, ya hau, ya sauya mata, ya sauko ya sake awo, ya fara yi mata bayanin harawa da nono. Baiwar Allah ta saurara har ya kai aya. Sannan ta ce, "Malam Bawa, na gode da ƙwai. Amma tun da kaz zauna ba ka dube ni ba ko sau guda. In zauren kaka so, sai ka nemi aurenai wurin mai gida." Ta tashi ta shige.

Muka hau mota muka kamo hanyar gida, muka yi nisa. Can ya matso ya ce, "Lawali, ƙaƙa take? Doguwa ta ko gajera?" Na yi ta dariya har direba ya waiwayo. Na ɗauka cikin barkwancinsa ne.

A wannan shekarar ne shagonsa ya zama abin kallo. Kullum sai ya dawo mini da ƙwai ya ce ya rage ƙarfi, masu yin su sun fara ha'inci. In ba shi wanda ya fi, bayan kwana kaɗan ya dawo. Ya sa na ƙara masa faifan sola da batir. Da kansa ya gano cewa in ya sassauto da ƙwai rabin nisan da ke tsakaninsa da tebur, lakus ba ninki biyu yake zama ba, ninki huɗu yake zama. Ranar har shagona ya zo da sauri yana cewa, "Ka matso rabi, a ba ka huɗu! Da haka kasuwa take da ba matalauci!" Sai ya yi ta sassauto da su har suna gugar hularsa. Ƙwai a sama, ƙwai a dama, ƙwai a hagu. Da rana tsaka in ka wuce sai ka kare ido. Yara suka sa wa shagon suna filin jirgi.

Wata safiya ya aiko a kira ni. Na same shi zaune, gabansa wani ƙaramin agogon mata a buɗe, hantsaki a hannu, bai taɓa komai ba. Ya ce, "Ƙwayayen ga naka dut sun mutu. Aza waya bisa tebur ka gani."

Na aza. Ta nuna sama da dubu biyu. Na ce, "Kawu, ga shi, duba."

Ya kawo fuska daf da ita. Ya maƙala madubi. Ya cire, ya goge, ya mayar. Sai ya ce, "Karanta mani."

Lambobin nan manya ne, kowace ta kai ɗan yatsa. Na karanta masa. Na ce masa wannan hasken ya ishi kowane irin aikin hannu, ya yi yawa ma.

Ya ture wayar gefe. Sannan ya aje hantsakin a hankali ya ce, "Na'ura ba ta da dangi. In ita ba ta yi ƙarya ba, ƙwai bai yi ƙarya ba, to saura wa, Lawali?"

Ya nuna ƙwayayen da hannu. Ya ce, "Kashe su. Kira Hajo."

Ashe yanar ido ce ta rufe masa ido biyu, ta daɗe tana tafiya a hankali. Muka tafi Sakkwato. Likita ya ce na dama zai gyaru, na hagu kuwa akwai wani ciwon a ƙarƙashi, an makara. Ko a gadon asibiti bai fasa hali ba, sai da ya tambayi ma'aikaciyar jinya fitilar ɗakin aiki luman nawa ce, ta ce in ya fito ya hau ya duba. Hajo ta so zuwa, mijinta ya ce a makon nan ba a bin hanyarsu, sai ta yi ta kuka a waya, shi kuma yana ce mata, "Ke, ido na za a wanke, ba kai za a yanke ba."

Da aka yi aikin aka zo cire bandeji, ana ɗagawa ya ƙwala ihu ya kare fuska. "Subhanallahi! Wa yak kunna wanga uban haske? Ku kashe, ɓarna ta!"

Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, taga ce."

Ya sauke hannu a hankali. Ya kalli tagar, ya kalli tafin hannunsa, ya juyo ya kalle ni. Ya daɗe yana kallona. Na ɗauka godiya zai yi. Sai ya ce, "Kai, ɗan Tumba! Wa yaz zuba ma hurhura haka? Kuma yaushe kay yi tumbi?"

Muka dawo Gummi yana karanta duk wani allo da ke bakin hanya da ƙarfi, har na masu sayar da taki. Da ya ga Nomau sai ya rungume shi ya ce, "Ashe haka ka tsuhwa? Kuma da wanga hannu mai rawa kaka sa mani aska?" A wani suna da aka yi a danginmu, muna zaune ƙofar gida, wata mata ta wuce cikin lulluɓi mai ruwan goro, ta gaishe mu ta shige. Kawu ya bi ta da kallo ya ce, "Wace ta wagga mai kyawun tahiya?" Na ce, "Ige ce ta Anka. Ta yi aure bara, wani mai sayar da buhuna." Ya dafe kai. "Kai! Don mi ba ku hwaɗa mani ba?" Na ce ai gabanka ta zauna. Ya ce, "Ina bisa turmi!"

Mun yi dariya ranar. Amma ranar da ya fara buɗe shagonsa ba mu yi ba. Ya kunna ƙwayayen nan gaba ɗaya, ya yi baya da sauri ya kashe. Ya tsaya a hasken ƙofa yana duba wurin kamar baƙo. Ƙura a kan komai. Yanar gizo a kusurwa. Bencin da ya aje don masu jira ya tsage, ba alamar an zauna a kai. Agogunan da ya gyara shekara da shekaru suna rataye da 'yan zarurrukansu, masu su ba su dawo ba, wasu sun ƙaura, wasu sun mutu. Ya fito ya zauna a bakin ƙofa yana kallon masu wucewa har azahar. Ba wanda ya tsaya.

Da na kawo masa fura ya ce, "Ka san wani abu? Da ban gani, zato nike mutane na zuwa, ni na ban gane su ba. Ashe ba su zuwa."

Na ce ya sha furar kada ta yi tsami.

Bai sake sayen ƙwai ba. Ya kwance na shagon ɗaya bayan ɗaya ya rabar, ya bar guda. Da kaka ta yi, hanya ta ɗan lafa, ya ce shi sai ya je ya ga Hajo da idonsa, ba wanda ya isa ya hana shi. Ya hau bas zuwa Bukkuyum, ya hau acaɓa ya ƙarasa. Hajo ta ce kwanakin da ya yi can bai yi komai ba sai zama a tsakar gida yana kallon jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa wannan hancin Kulu ne, wannan goshin Kulu ne. Ƙaramar ta tambaye shi me ya sa yake kallonsu haka, ya ce, "Bashi nika biya." Ya dawo da buhun wake da labarinsu, ya yi ta ba mu har muka haddace.

Damina biyu ya ƙara. Kullum da safe zai buɗe shago, ya bi agogunan nan ɗaya bayan ɗaya ya yi musu wani, wato ya murɗa makullinsu, ya daidaita su, ya goge, wai kada mai shi ya zo ya tarar da nasa a tsaye. Sannan ya zauna. Wani lokaci Nomau ya zo su yi musu, wani lokaci ba kowa. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, bai daɗe ba. Ni da Nomau da Innata muke kansa. Hajo ta taso tun da aka gaya mata, amma aka tsayar da motoci a hanya, ba ta iso ba sai da muka dawo daga maƙabarta. A ƙofar gida ta tarar da mu muna wanke ƙafa.

Bayan an share makoki na buɗe shagon don in kwashe kaya. Na tarar wasu agogunan na tafiya, masu dogon wani. Na kasa taɓa komai, na ja ƙofa na rufe. Kullum in zan wuce sai in kara kunne a jikin ƙofar. Ƙarar tana raguwa, tana raguwa, har ranar da na saurara ban ji komai ba. Har yau suna nan rataye. In akwai wanda ya san ya taɓa kai wa Kawu agogo bai karɓa ba, ko na babansa ne, ya zo ya same ni. An gyara shi tuni.

Allah ya jiƙan Kawu Bawa. Ya Allah, ya daɗe yana zaune shi kaɗai, kada ka bar shi shi kaɗai a inda ya tafi. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata makwancinsa, ka sada shi da Inna Kulu a gidan rahama. Mu kuma da muka rage, ka ba mu ikon leƙa junanmu tun muna da rai. Amin.